Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin da ya cire darasin haske da anzim daga karatun ƙannenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamanmu kuma iyayenmu na kwamitin tsara darussa a sashen kimiyyar rayuwa, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina gajiya, ya aiki ya ɗalibai ya zafin wanga gari, Allah shi ƙara girma shi saka muku da alheri kan wahalar da kuke sha da mu.

Ni tsohon ɗalibinku ne, a hannunku na yi lisans, yanzu ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, a wani lise nan cikin Maradi. Da yawun ɗaliban shekara ta uku na biyoshimi nike magana, su ne sunka same ni gida bayan magariba sunka zauna kan tabarma sunka zazzage min cikinsu, sai kuma wasu abokan aikina malaman lise da munka ci kwano ɗaya a amfi. Ba zan kama sunan makaranta ba, ba zan kama na wani malami ba, wanda abin ya shafa ya san kanshi kuma ba tozarta kowa ya kawo ni ba. Takarda biyu ɗaliban sunka kai ofis ba amsa, shi ya sa na ce bari in sa ta nan Facebook ko Allah zai sa ta iso gare ku ta hannun wani.

Ga abin da ya faru don masu karatu su san kan zance. A zaman da kunka yi kafin a koma karatu kun yanke abu uku, kun cire babin da ke bayanin yadda ake kunna anzim a kashe shi da haske tare da TP ɗinshi, wato gwajin da ɗalibai ke yi da hannunsu a labo, kun ƙi amincewa da batun memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, na ɗalibai biyu da ya shafi wanga fanni, sannan ɗan ɗakin duhun da ake yin gwajin ciki an maida shi magaza. Dalilin da anka faɗa ma wakilan ɗalibai shi ne wai wanga ilimin ƙasashe masu kuɗi ne, mu nan abin da zai amfani manomi muke so. Wagga magana ita ta hana ni barci, da kun ce lokaci ne ya yi kaɗan da na yi shiru.

Tunda iyayen yara ma za su karanta bari in ɗan warware mi ake nufi da anzim. Wasu furotin ne da ke cikin duk wani abu mai rai, aikinsu hanzarta haɗuwa da rabuwar sinadarai, abin da zai ɗauki shekaru su sai su gama shi cikin ƙiftawar ido. Kowa ya san aikinsu ko bai san sunan ba, in ka daɗe kana tauna gurasa ka ji ta fara zaƙi anzim ɗin yawunka ne, tsiron hatsi da mata ke sa ma kunu ya tsinke ya yi zaƙi anzim ne, ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi ya yi laushi shi ma haka. To matsalar mai bincike ita ce in shina son ya tsaida anzim guda ya ga mi zai faru sai ya zuba wani sinadari, kuma in ya zuba ya zuba kenan, ba ya kwasuwa, ya bazu ko'ina kamar gishiri cikin miya. Haske kuwa kana kunna shi ka kashe lokacin da ka ga dama, ka haska gefe guda na ƙwayar halitta ka bar ɗaya gefen cikin duhu, kuma ba ya barin saura. Shi ya sa masana sunka daɗe suna neman yadda za su liƙa ma anzim makunni irin na fitila.

Kukanmu na farko, kuma a nan zan daɗe, shi ne cewa da kunka yi abin ba namu ba ne. Malam wallahi cikin gonar gero shike faruwa kullum safiya. Ku ne kunka koya muna zagayen Calvin, yadda ganye ke ɗaukar iskar kabon ya gina sukari, to anzim ɗin wanga zagaye da yawansu da dare a kulle suke. In rana ta fito haske ya faɗa kan koren ganye sai lantarki ya bi ta wani furotin mai suna feredoksin ya isa ga tiyoredoksin, shi kuma ya je ya tsinke wata 'yar gada ta sulfur biyu da ke ɗaure da anzim irin su FBPase da SBPase da PRK, sai su buɗe su kama aiki, in duhu ya yi gadar ta koma su kwanta. Bob Buchanan da abokan aikinshi a Berkeley ta Amurka ne sunka fayyace wanga tsari cikin shekarun 1970. Abin da ya fi burge ni ma shi ne makunnin guda ne amma aiki biyu shike, lokacin da shike tada masu gina sukari shina kashe wani anzim mai suna G6PDH wanda aikinshi fara rushe sukari, don kar ya zama kana zuba hatsi cikin rumbu ta sama wani na yashe shi ta ƙasa. Ina wanda zai ji wanga ya ce ilimin Turawa ne?

Kuma gero da dawa da masara da rake duk 'yan gidan C4 ne, hanyar da Hatch da Slack sunka bayyana a Ostareliya a 1966, ita ke sa su jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da alkama da shinkafa. A cikin wagga hanya akwai anzim PPDK, da duhu ana manna mishi fosfat sai ya daina aiki, haske na dawowa a cire fosfat ɗin ya farka, kuma furotin ɗaya ne ke mannawa shi ke cirewa, kamar mai gadi guda da ke kulle ƙofa da dare ya buɗe da asuba. Wanga farkawa ba nan take ba ne, wasu anzim ɗin sai sun ɗauki mintoci kafin su kai cikakken ƙarfi, Rubisco na cikinsu. Ku duba gonakinmu na Tibiri ko Madarunfa ko hanyar Dakoro, manomi na shuka wake ƙarƙashin gero, ganyen waken yanzu rana yanzu inuwa duk lokacin da iska ta kaɗa karan gero ko hadari ya gitta, kowane sauyi akwai mintocin da anzim ke laluben tashi kuma cikin mintocin nan ganyen bai gina abin da ya kamata ya gina ba. Masu bincike a duniya na bin wagga magana sosai don neman ƙarin amfanin gona. Mu da muke da gonar da ranar da irin sai mu ce ba ruwanmu, rashin sani kenan da ya sa kaza ta kwana kan dami.

Haka maiwa, kowane tsohon manomi ya san ko da wuri ka shuka ta ba ta fidda kai sai lokacinta ya yi, sai yini ya fara gajarta, wasu wakenmu na gida ma haka suke. Tsiro na auna haske da wasu furotin, babbansu fitokurom, wanda jan haske na nanomita 660 (ma'aunin da ake bambanta launin haske da shi) ke kunnawa, ja mai nisa na 730 ya kashe shi. A 1952 Borthwick da Hendricks a Beltsville ta Amurka sunka gwada da irin salati, in an haska ja ya tsiro, in an biyo da ja mai nisa ya fasa, a sake ja ya tsiro, ko sau nawa anka jera hasken ƙarshe shi ke da hukunci. Salati fa, irin wanda ake nomawa a lambunan Jiratawa, duk da dai ba kowane iri ke da wagga ɗabi'a ba, su da wani mai suna Grand Rapids sunka yi aiki.

Ko gona ba ta ishe ku hujja ba ga idonmu. A bayan ido akwai rodopsin, cikinshi akwai ɗan sinadari retinal da jiki ke samu daga bitamin A, a lanƙwashe shike, haske na taɓa shi ya miƙe, miƙewar ta tada wani furotin transdusin shi kuma ya kunna anzim PDE6, daga nan saƙo ya kama hanyar ƙwaƙwalwa. George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967 kan sinadaran gani. Yaron da bai samun bitamin A isasshe sai ya kamu da dundumi, magariba na yi ya fara lalube, kuma duk wanda ya tashi ƙauye a ƙasar nan ya san dundumi. Ɗalibin da zai fita ya yi aikin abinci mai gina jiki ko labo na asibiti ya kamata ya iya bayanin dalili tun daga tushe.

Kuka na biyu, an ce abin sabo ne kuma mai tsada. Sabo dai a'a. Tun 1937 Hartley ya nuna cewa sinadarin azobenzen na da siffa biyu, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, hasken UV, wanda ido ba ya gani, na wajen nanomita 365 ya lanƙwasa shi, shuɗin haske ko ɗumi ya maida shi miƙe. A 1968 Bernard Erlanger da mutanenshi a jami'ar Columbia ta New York sunka haɗa azobenzen da wani sinadari mai hana anzim kimotiripsin aiki, sai ya zama siffa guda ta fi ɗayar ƙarfin hanawa, kenan da fitila kake juya ƙarfin anzim. A 1978 Kaplan da Forbush da Hoffman sunka fito da ATP na cikin keji, ATP shi ne sinadarin da ke ba ƙwayar halitta makamashi, kejin kuma an toshe shi ne da wani ɗan sinadari ba ya amfanuwa sai walƙiyar UV ta ɓalle toshiyar, sai dai shi wanga in ka buɗe ba ka iya maidawa. Wasu cikin malamanmu ba a ma haife su ba lokacin.

Abin da ya zo daga baya shi ne aron makunnin daga tsiro da ƙananan halittu. Tsiro na karkata wajen haske, Darwin da ɗanshi sun yi gwaji a kai tun 1880, amma sai a 1997 ɗakin binciken Winslow Briggs ya gano furotin ɗin da ke jin hasken, shi anka sa ma suna fototuropin, kuma shi kanshi anzim ne mai manna fosfat. Shina da wani sashe da ake ce ma LOV mai riƙe da sinadarin da ya fito daga bitamin B2, shuɗin haske na faɗa mishi sai wata 'yar jela da ke naɗe a jikinshi ta warware ta saki anzim ɗin, a duhu kuma ta koma ta naɗe da kanta. Sai masana sunka ce to mi zai hana mu yanko wanga sashe mu ɗinka ma wani anzim daban. A 2009 ƙungiyar Klaus Hahn a Karolina ta Arewa ta ɗinka shi jikin Rac1, anzim ɗin da ke sa ƙwayar halitta rarrafe, in sun ɗiga haske a gefe sai ƙwayar ta miƙa ƙafa ta nufi wajen. A 2015 ƙungiyar Moritoshi Sato a Tokyo ta raba Cas9, almakashin nan na yankan DNA, gida biyu, kowane rabi da nashi maganaɗisun furotin, shuɗin haske ya haɗa su su yi yanka, a kashe fitila su rabu. Ga kuma 2017, a Cadarache kudancin Faransa, ƙungiyar Fred Beisson ta gano wani anzim cikin gansakukar ruwa Chlorella da ke cin shuɗin haske kai tsaye ya maida asid na mai ya zama sinadari dangin man fetur da gazuwal. Mu da garinmu ya yi suna da gyaɗa da ƙuli-ƙuli ai ko don son sani ya kamata yaranmu su ji labarin.

Ba zan yi muku ƙarya ba tunda ku kunka koya min kar in faɗi abin da ban auna ba. Waɗancan na ɗinke-ɗinken furotin ba mu da kayansu, suna son firigo mai tsananin sanyi da madubin ƙara girma mai leza da kuran da ba ya yankewa, kuma ba mu ce ku sayo su ba. Shi kanshi fannin akwai inda ya tsaya, shuɗin haske ba ya ratsa naman jiki sai ɗan kaɗan, UV kuma na lalata ƙwayoyin halitta, shi ya sa maganin da ake kunnawa da haske, irin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙungiyar Ben Feringa ta gwada a Holan a 2013, yawanci har yanzu a labo suke. Ko labarin nan na 2021 da ya zagaya duniya, na makahon da José-Alain Sahel da Botond Roska sunka sa ya fara gane abubuwa kan tebur da taimakon tabarau na musamman, mutum ɗaya ne, ganin kuma kaɗan ne, sannan furotin ɗin da anka sa mishi ƙofar gishirin lantarki ce ba anzim ba. Duk wanga shi ma ilimi ne da ɗalibi ke buƙata don kar wani ya zo ya sayar mishi da fitilar warkar da kansa a kasuwa.

Amma TP ɗin da kunka cire nawa ya taɓa ci? Ni na yi shi a zamanina kuma ban manta ba. Wake munka jiƙa munka shuka cikin gwangwanin tumatir munka rufe cikin kwali mako guda, ya fito dogo siriri rawaya kamar mai ciwon shawara. Dalili shi ne matakin kusa da ƙarshe na ƙera koren ganye wani anzim ke yinshi mai suna POR, kuma shi ba ya motsi sai haske ya faɗa kan abin da ya riƙe. Sai mu fiddo gwangwani ɗaya awa ɗaya, wani awa uku, wani shida, wani yini guda, mu niƙa ganyen cikin alkol mu tace mu auna korensa a na'urar auna launi da ke nan labo tun tuni, mu zana layi mu ga yadda shike hawa. Na kai gwangwani biyu gida na ɓoye ƙarƙashin gadon inna na kife da ƙwarya, ta gani ta ce wai ni da anka kai jami'a noman ƙarƙashin gado na koyo, washegari da ta ga rawayan ya koma kore a bakin taga ita ce ta riƙa kiran maƙwabta su zo su gani. Gwaji na biyu tsiron hatsi ne cikin kwali mai huda a gefe, ɗaya a sa mishi ampul LED shuɗi ɗaya ja, na shuɗin ya karkata sosai na jan kusan ya tsaya ƙyam, ka ga fototuropin da idonka. Waɗanga ƙananan ampul ɗin a Babbar Kasuwa wajen masu gyaran rediyo da fitila ake samunsu, kuma kan shuɗin LED ɗin nan ne Akasaki da Amano da Nakamura sunka ci Nobel a 2014, yau ga shi cikin kowace tocila ta ɗan acaba. Wake, kwali, alkol, ampul, pil. In wanga ne ya fi ƙarfin bajat ɗin sashe to a faɗa muna mu yi karo-karo.

Kuma illar cire shi ba a jami'a kaɗai za ta tsaya ba. Yawancinmu da munka fita daga hannunku aji munka koma, mu ke tsayawa gaban 'yan tarminal D. Bara na maimaita gwajin waken da ɗalibaina, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tambaye ni to mushe in haske ne ke kunna shi mi ke kashe shi, na ji daɗin tambayar har na rasa ta inda zan fara, kuma na iya ba ta amsa ne don na taɓa zama ɗakin duhun nan. Wanda zai fito bana ba tare da ya gani ba, allo zai cika da rubutu yara su hardace su zubar ranar bak su manta.

Kuka na uku shi ne na yaran nan biyu. Ɗaya so ya yi ya kwatanta irin gero na gida kamar zango da ingantacce kamar HKP, ya ga wanne ke saurin korewa da saurin kama aiki in an fiddo shi daga duhu zuwa haske, da kayan da muke da su. Ku gaya min don Allah wane batu ya fi wanga kusa da manomi. Ɗayar kuma, 'yar ƙanwarmu mai ƙoƙari, nazarin takardu ta so yi kan anzim ɗin nan na Chlorella da ko ragowar man gyaɗa zai iya zama abincinshi, ba ta nemi ko kwalba guda ta sinadari ba, intanet kawai da mai duba ta. An maido musu takardunsu da layi ɗaya, batun bai dace da muhallinmu ba, ba a kira su an tambaye su ko sau ɗaya ba. Yanzu watanni sun wuce suna neman sabon batu, abokansu sun yi nisa, shi namijin ya fara zancen barin karatun ya bi yayanshi kasuwancin Jibiya, ita kuma takardar neman mastar da take shiryawa kan wanga fanni ta tsaya cak tunda ba ta da abin da za ta nuna ta taɓa yi. Iyayensu ba masu hali ba ne, shekara ɗaya da ta ƙaru ba wasa ba ce.

Na ɗakin duhu ba zan ja shi ba. Na leƙa ta taga, karyayyun kujeru ne da tsoffin takardun jarabawa, kuma akwatin fitilun da 'yan ajinmu munka haɗa kuɗi munka ƙera munka bar ma na baya shina can ƙasa an danne shi. Ɗaki ne da bai kai shagon mai caji girma ba, kujerun na iya samun wani wuri.

Na san kuna da naku uzuri, awoyi kaɗan ne, malamai kaɗan ne, kuran na ɗaukewa tsakiyar aiki, kuɗin TP in sun zo ma a makare. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ku tuna Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa nan jiharmu a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya shugabanci ofishin makamashin rana ONERSOL ya yi ta binciken amfani da rana tun lokacin da ƙasar ba ta kai yanzu kayan aiki ba. Da ya ce wanga na masu kuɗi ne da ba mu san sunanshi ba. Yau ga fano na sola kan rufin gidaje har ƙauye, da shi ake cajin waya ake jan ruwan lambu.

To ga abin da muke roƙo, da ladabi. Ku maido da babin, in awoyin ba su kai ba ku raba shi biyu, rabi ya shiga darasin sarrafa aikin anzim kusa da inda ake bayanin fosfat da masu hanawa, rabi ya shiga darasin aikin jikin tsiro, kuma a fara da gero kafin a je Tokyo, ta haka ba wanda zai sake cewa baƙo ne. Ku buɗe ɗakin duhu kafin zangon karatu na biyu, kwasar kujerun mu za mu yi da hannunmu ranar Asabar in kun ba mu makulli da wurin zubawa.

Ku sake duba takardun yaran nan biyu, wagga ita ce ta fi gaggawa, ku kira su su tsaya gabanku minti goma-goma su kare batunsu, in bayan kun saurare su kun ga bai yi ba to ku rubuta musu dalili na ilimi da za su ƙaru da shi, kuma a ɗaga musu ranar ajiye memuwar gwargwadon lokacin da sunka rasa. Na geron ma muna ganin in sashe ya rubuta ma masu binciken noma na tashar Tarna takarda zai iya samun iri mai tsabta da shawara, ga su nan bakin gari.

Batun kuran, mu tsoffin ɗalibai mun yi magana a gurup ɗinmu na WhatsApp, mun yarda za mu sayi ƙaramin fano da batir da ampul ɗin ja da shuɗi da ja mai nisa in an samu, LED ba ya cin wuta, abin da muke so gare ku izini ne a rubuce da malami guda da zai riƙe amanar kayan don kar su bi sawun akwatinmu. Ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta 'yar takardar jagorar gwajin wake da Faransanci da Hausa, ku duba ku gyara, a raba ma malaman lise na cikin gari da na ƙauyuka su ma su yi da yaransu.

Daga ƙarshe nan gaba in za a cire wani abu daga karatu a zauna da wakilan ɗalibai tukuna, kuma takardu biyun da ke ofis a ba su amsa ko da layi uku ne. In na yi kuskure cikin bayanin kimiyyar da na kawo ku gyara min a nan ƙasa kowa ya gani, dama jan biro ɗinku ba baƙona ba ne. In kuma harshena ya yi kaifi wani wuri ku yafe, lambata na wajen wakilin 'yan shekara ta uku, duk ranar da kunka ce in zo zan nemi izini lise in zo.

Wassalam, naku ɗalibi har kullum,
malamin SVT a wani lise, Maradi.